Greensboro, Birni Ba Ganuwa: Yadda Turawan Dauri Suka Kira Gida

Takarda ce mai shafi biyu, irin wadda ake cikewa kafin a ga likita. Ina riƙe da biro, Baba Alhaji kuma yana zaune a kan dardumarsa ya jingina da ƙafar kujera, domin har yau ƙasa ta fi masa daɗin zama. Na rubuta sunansa da shekarar haihuwarsa, na iso layin da ake tambayar adireshin gida, sai na ce, "Baba, lambar gidan nan nawa ce ma?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wane gida, ɗana? Wanga ai ɗaki ne. In gida suka tambaya, rubuta musu Maradi."

Da gaske yake. Ya haura shekara 20 a Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, yana cikin 'yan Nijar, Zabarmawa da Hausawa, da suka fara taruwa a garin tun shekarun 1990 har ya zama ɗaya daga cikin manyan matattararsu a Amurka. A nan ya yi aikin ƙarfi har gwiwa ta gaji, a nan aka haifi jikokinsa. Amma falo ɗaya da ɗakin kwana biyu a hawa na biyu, babu zaure, babu tsakar gida, wanda ke bayan bango bai san sunansa ba, wannan kam bakinsa ya ƙi ya kira shi gida.

Na rubuta lambar da takardar take so, amma maganar ta bi ni har makwanci. Takardar ta ɗauka cewa wurin kwana da gida abu ɗaya ne, Baba Alhaji ya ce sam. Sai na shiga bin tsofaffin kalmomin Turanci na mazauni, na zamanin da ake kira Tsohon Turanci, daga wajen shekarar 450 zuwa 1100, da na Turancin tsakiya, daga 1100 zuwa 1500, wanda Jami'ar Michigan ta gama haɗa babban ƙamusunsa a 2001. Abin da na tarar shi ne, Baturen wancan zamani da zai ji amsar Baba Alhaji da ya gane ta nan take, fiye da jikansa na yau da ya tsara takardar. Kuma ba sai an je Ingila ba kafin a ga shaida. Tana rubuce a allunan hanyar da muke bi kullum.

A fara da sunan garin. Rabinsa na farko na Janar Nathanael Greene ne, wanda ya gwabza da rundunar Ingila ƙarƙashin Cornwallis a Guilford Court House ranar 15 ga Maris 1781. Cornwallis ya riƙe fagen fama, amma ya yi asarar kusan rubu'in sojojinsa, kuma a watan Oktoban shekarar ya miƙa wuya a Yorktown. A 1808 aka sayi fili eka 42 a kan dala 98 don kafa sabuwar hedikwatar gundumar Guilford, aka sa mata Greensborough. Da wannan dogon rubutu aka ci gaba har 1895, lokacin da aka datse wutsiyar ta koma "boro", bayan hukumar sunayen wurare da gwamnatin Amurka ta kafa a 1890 ta fara gajarta irin waɗannan sunaye. Haka Asheboro da Pittsboro da Goldsboro suke. Hillsborough kuwa, da ke gabas da mu, ta maido da dogon rubutunta a 1965.

Wannan wutsiya ita ce "burh" ta Tsohon Turanci, kuma Bahaushe yana da fassararta cif: birni. Kamar yadda birni a bakinmu yake nufin garin da aka kewaye da ganuwa, haka "burh" take nufin wurin da aka kewaye don tsaro. Sai dai da farko ba lallai ya zama gari ba. Gidan babban mutum ɗaya ma, in yana da shinge mai ƙarfi da ƙofa, "burh" ne. Dokokin Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, sun nuna haka ƙarara. Wanda ya keta "burh" na sarki zai biya tarar sule 120, na babban limamin coci sule 90, na hakimi sule 60, a yi ta sauka gwargwadon daraja. Da aka iso kan talaka sai kalmar kanta ta sauya: shi ba a ce an keta masa "burh" ba, an ce an karya masa "edor", wato danga, tararsa kuma sule 5. Ga mai ganuwa, ga mai danga, doka ta san kowa da sunan abin da ya kewaye kansa da shi.

Alfred ɗin ne ya faɗaɗa ma'anar. Da mahara daga Danmak suka addabi ƙasarsa, sai ya kafa jerin garuruwa masu ganuwa, fiye da 30, yadda kusan kowane manomi zai iya kai iyalinsa mafaka cikin tafiyar yini guda. Wata takarda ta farkon ƙarni na 10 ta adana lissafin: kowace "hid" ta ƙasa za ta ba da mutum ɗaya, mutum huɗu kuma su tsare kimanin mita 5 na ganuwa. Winchester ita kaɗai an ware mata "hid" 2,400. Ita "hid" kuwa ba awon igiya ba ce tun asali, gonar da za ta ci da iyali ɗaya ce, kusan abin da muke kira gandu. Duk wanda ya san tarihin ganuwar Kano, wadda Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa a ƙarni na 15, ya san irin wannan ciniki tsakanin birni da ƙauye: ku kawo hannu a yi gini, ranar tsoro ku sami wurin shiga. Daga "burh" aka sami "bury" ta Canterbury da "burgh" ta Edinburgh, kamar yadda muke da Birnin Kudu da Birnin Kebbi da Birnin Konni. Greensboro, mai mutum 299,035 a ƙidayar 2020, ba ta taɓa yin ganuwa ko ta taku ɗaya ba. Sunan ya tsallako teku, ya bar katangar a can.

Haka ma "ton" da ke ƙarshen Burlington da Lexington da Winston, da "town" ta Jamestown da ke gefenmu. Asalinta "tun", kuma ma'anarta ta farko shinge ce, har yau a Jamusanci 'yar'uwarta "Zaun" shinge take nufi. Daga shinge ta koma abin da ke cikin shingen, wato gidan gona, daga nan ƙauye, daga ƙarshe gari. Wanda ya ga ana kafa sabon gida a karkararmu ba zai yi mamaki ba, domin darni ake kewayawa tukuna, wurin ya fita daga hannun daji, sannan a yi maganar ɗakuna. Kunne zai so ya haɗa "tun" da tungarmu, tunda duka biyu ƙaramin mazauni ne, amma kamar sauti ce kawai, ba dangi ba ne. Irin wannan tarkon yana nan cikin Turancin kansa: Durham, mai nisan tafiyar sa'a guda daga nan, ta ci sunan wani likita ne, kuma Durham ta Ingila da sunan ya samo asali daga gare ta ba ta da "ham" a tushenta, tudu da tsibiri sunan yake nufi.

"Ham" ta gaskiya tana cikin Rockingham, gundumar da ke arewa da mu, kuma ita ce uwar "home" ta yau. A da ba ta tsaya ga gini ba, ta haɗa da gonaki da mutane da duk inda ake komawa in rana ta faɗi. Birmingham asalinta "ham" na mutanen wani mai suna Beorma. Wannan "ing" da ke tsakiya aikin "awa" tamu take yi, ta Batagarawa da Agadasawa, sai ka ce Gidan Beormawa. Mu ma ai Gidan Madi ta Sakkwato da Gidan Rumji ta jihar Maradi garuruwa ne yanzu, amma sunan bai manta cewa ƙofa ɗaya aka fara da ita ba. Alfarmar "ham" ta kai har an ware wa keta ta laifi na musamman, "hamsocn", wato a bi mutum har cikin gidansa a far masa, kuma a dokokin Sarki Cnut, wanda ya mulki Ingila daga 1016 zuwa 1035, yana cikin laifuffukan da hukuncinsu ke hannun sarki. Mu da muka tashi muna ganin "ba a shiga" a bangon zaure, muna tsayawa a bakin ƙofa sai an amsa sallama, mun san nauyin abin da suke karewa.

To a shiga ciki, domin a nan kamar ta fi yawa. Gidan babban mutum a Ingila ta wancan lokaci ba gini ɗaya ba ne mai ɗakuna a jere, gine-gine ne daban-daban cikin shinge ɗaya. Babbansu shi ne "heall", dogon ɗakin katako mai wuta a tsakiya, hayaƙi na fita ta rufi. A Yeavering, can arewacin Ingila, Brian Hope-Taylor ya fara tono a 1953 ya gano harsashin irin wannan gini na ƙarni na 7, tsawonsa ya haura mita 24. A cikinsa maigida yake cin abinci da mutanensa, a nan yake sauraron ƙara, a nan ake saukar baƙo, samari kuma a nan suke shimfiɗa su kwana. Wannan zaure ne, babu ko tantama. Gefe guda kuma akwai ƙananan gine-gine da ake kira "bur", inda matan gida da maigidan suke keɓewa. Wannan ɗaki ne. Kalmar ta rayu a "bower", ta kuma ɓuya a cikin "neighbour", wadda asalinta "neahgebur", mai zama kusa. Ko da Turawa suka daina gina "bur", ba su daina kiran maƙwabci da sunansa ba.

Sunayen mutanen gidan su suka fi taɓa ni. "Husband", da yau ake fassarawa miji, aro ce daga harshen mutanen arewacin Turai, kuma haɗi ce ta "hus" da "bondi", mai zaune a gida yana riƙe da shi. Maigida ke nan, kalma da kalma, kuma kamar yadda matar Bahaushe take cewa "maigidana" tana nufin mijinta, haka kalmar ta zame a bakin Turawa har ma'anar gidan ta ɓace, ta miji ta saura. "Huswif" ita ce uwargida. "Lord" kuwa, wadda ake kiran manyan sarakai da ita, asalinta "hlafweard", mai tsaron gurasa, "lady" kuma "hlæfdige", mai kwaɓa gurasa. A dokokin Æthelberht na Kent, na wajen shekarar 600, waɗanda su ne mafi tsufan doka da aka rubuta da Turanci, ana kiran wanda ke ƙarƙashin wani "hlafæta", mai cin gurasarsa. Ashe sarauta daga rumbu ta fara. Mu ma in ana son a san girman gida ba ɗakuna ake ƙirgawa ba, tambaya ake yi: tukunya nawa ake ɗorawa, baki nawa ke ci? Ubangida shi ne wanda tuwonsa ke cikinka. Kuma in muka ce "yaya gida?" ba lafiyar katanga muke tambaya ba. In aka ce mace "tana ɗakinta", an gaya maka aurenta na nan. In aka ce Gidan Dabo, zuriya ake nufi, kamar yadda Turawan ƙarni na 15 suka yi ta yaƙi tsakanin gidan York da gidan Lancaster.

A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, masu Faransanci suka hau kan ƙasa, kalmomin mazauni suka rabu gida biyu, na masu mulki da na waɗanda ake mulka. Bayan shekara 20 ya sa aka yi ƙidayar da ake kira Domesday, a 1086, wadda ta ambaci wurare fiye da 13,000. Ba ta tambayi ina ne "ham" ɗin wane ba, ta tambayi "manor" ɗin wane ne, nawa kuma yake kawowa. Mazauna ma da wurin kwanansu aka jera su: mai zama a "villa" shi ne "villein", mai "cot", wato bukka, shi ne "cottar", kusan kashi 10 cikin 100 kuma bayi ne. Abin da ya sami waɗannan sunaye daga baya abin baƙin ciki ne. "Villein", manomin ƙauye, ita ce ta zama "villain", mugu. "Bondi", wanda a da ɗa ne mai gidan kansa, ta gangara har ta koma sunan wanda aka ɗaure da gonar wani. Kafin mu zargi Turawa mu saurari yadda ɗan birninmu yake furta "baƙauye". Wulaƙanci iri ɗaya ne, kuma manomin da ke ci da birnin shi ake yi wa.

Wasu daga cikin kalmomin wannan zamani sun yi doguwar tafiya har suka shigo bakinmu ba mu sani ba. Kotu daga "court" take, ita kuma daga Latin, inda take nufin fili kewayayye, tsakar gidan gona. Daga tsakar gida ta zama fadar sarki, daga fada ta zama wurin shari'a, tunda a can ake yanke hukunci. 'Yar ƙanwarta "curtilage", harabar da ke kewaye da gida, har yau alƙalan Amurka suna amfani da ita wajen yanke inda ɗan sanda zai iya takawa ba da takardar izini ba. Asibiti da otal tushensu ɗaya, kalmar Latin ta baƙo da mai masauki, kuma "hospital" ta wancan zamani masaukin matafiya da gajiyayyu ce kafin ta zama ta marasa lafiya. "Inn" kuwa tsohuwar kalmar Turanci ce ta mazauni, ana kiran gidan da babban mutum yake sauka a Landan da ita, shi ya sa Lincoln's Inn da Gray's Inn, inda lauyoyin Najeriya suke zuwa neman shaidar aiki kafin a kafa makarantar lauyoyi ta ƙasar a 1962, suke ɗauke da sunan.

Sai falo. Daga "parlour" muka aro shi, shi kuma daga kalmar Faransanci ta magana, domin asalinsa ɗaki ne a gidajen masu ibada inda aka yarda a yi hira. Daga baya attajirai suka gina nasu a gefen "hall". A ƙarshen ƙarni na 14 marubuci William Langland ya koka cewa masu gida sun daina cin abinci a babban zaure tare da jama'a, sun koma keɓantaccen ɗaki mai murhu, talaka ya rasa inda zai samu. Da na karanta wannan sai sababbin unguwannin Kano da Katsina suka faɗo mini: doguwar katanga, ƙofar ƙarfe, maigadi, falo mai sanyi a can ciki. Zauren da almajiri yake fakewa, da baƙo yake kwana ba a tambaye shi ko ɗan wane ne ba, da maigida yake fito da akushi a ci tare da duk wanda ya tarar, yana ɓacewa daga zanen magina. Ina ganin asara ce babba, kuma Ingila ta riga mu yin ta da shekara 600. Sakamakon yana nan a Turancin yau, inda "hall" a yawancin gidaje ta koma ɗan lungun da ake rataye riga a wuce.

Amma kalmomin da suka fi ba ni amsar maganar Baba Alhaji su ne na zaman kansa. "Dwelling", kalmar da doka da takardun hukuma suke kiran mazauni da ita, tushenta abin mamaki ne. A Tsohon Turanci "dwellan" tana nufin ɓatar da mutum daga hanya ko tsare shi. Wajen shekarar 1200, da tasirin 'yar'uwarta ta harshen mutanen arewa, ta koma jinkiri, a daɗe a wuri ba a wuce ba. Kafin ƙarni na 14 ya ƙare ta zama zama na dindindin. "Abode" ma haka: jira take nufi a Turancin tsakiya, sai a ƙarni na 16 ta tabbata a ma'anar gida. "Lodge" rumfar ganye ce ta ɗan lokaci. "Mansion" kuma, wadda yau take nufin katafaren gidan mai kuɗi, daga "mansio" ta Latin take, wurin da matafiyi yake yada zango a kan hanyoyin Rumawa, kuma daga gare ta Faransanci ya sami "maison" da kowane ɗan makarantar Nijar ya sani. Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da "mansion" ga masaukai 28 na wata, waɗanda malamanmu na hisabi suke kira manazil, daga kalmar Larabci ta sauka. Wata yakan kwana ɗaya a kowane ya tashi.

Kalmomi huɗu ke nan, kowace ta fara da tsayawa ta ɗan lokaci ta ƙare a gida. Mu kuwa wannan tarihinmu ne. Zango wurin da fatake suke sauke kaya ne su kwana su wuce. Yau Zangon Barebari unguwa ce a cikin birnin Kano, Zangon Daura da Zangon Kataf garuruwa ne, zangon Kumasi da Sabon Zango na Akara kuma sun ga haihuwar jikoki da tattaɓa kunne. A Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, Abner Cohen ya tarar a binciken da ya buga a 1969 cewa dukan cinikin shanu da goro ya rataya a wuyan masu gida, masu saukar baƙo su tsaya masa a ciniki, kuma yawancinsu da baƙunta suka fara. Ana cewa baƙo raɓa ne, amma zangunanmu sun nuna raɓar da ta daɗe har ta zama rijiya. Kalmar da Turawa suka fi amfani da ita kafin "dwell" ta ture ta, wato "wunian", ta haɗa ma'ana biyu a ciki ɗaya, zama da sabo, kuma ta bar 'yarta "wont", abin da mutum ya saba. Mu ma zama a harshenmu ya haɗa zaunawa da rikiɗa: wanda ya zauna a gari, in ya daɗe, ya zama ɗan gari.

Sai dai daɗewa ita kaɗai ba ta isa ba in wani ne ke riƙe da ƙasar, kuma Greensboro tana da shaidar wannan a wurare biyu da ba su da nisa da juna. A titin West Washington akwai Blandwood, wanda ake kira "mansion". An fara shi a 1795 a matsayin ƙaramin gidan gona, sannan John Motley Morehead, gwamnan jihar daga 1841 zuwa 1845, ya sa mai zane Alexander Jackson Davis ya ƙara masa gaba mai hasumiya irin ta Italiya. Yau gidan tarihi ne, an gyara shi an adana. Bayi sun zauna a harabarsa, sun yi girki sun yi shara, wasunsu shekaru masu yawa, amma doka ba ta ba su ko dangar sule 5 da talakan zamanin Alfred yake da ita ba. Kudu da nan kaɗan akwai Warnersville. Bayan an 'yanta bayi, Yardley Warner, wani ɗan ɗariƙar Quaker daga Pennsylvania, ya sayi kimanin eka 35 a 1867 aka yanka filaye aka sayar wa 'yantattu, suka gina gidaje da coci-coci da makaranta. Wannan "ham" ne a cikakkiyar tsohuwar ma'anarsa, mutane da ƙasa da wurin komawa. A shekarun 1960, da sunan sabunta birni, aka rushe kusan dukan unguwar. A takardun irin wannan shiri gidaje "units" ne, ƙwaya-ƙwaya da ake ƙirgawa, kuma abin da aka ƙirga haka yana da sauƙin sharewa. A farkon shekarun ne kuma, ranar 1 ga Fabrairu 1960, ɗalibai huɗu baƙar fata na kwalejin A&T suka zauna a kantar abinci ta shagon Woolworth da ke titin Elm, inda ba a sayar wa irinsu, suka ƙi tashi. Zaman dirshan ɗin ya bazu, kuma a ranar 25 ga Yuli aka buɗe kantar ga kowa. Makaminsu shi ne tsohuwar ma'anar "dwell": su daɗe a inda aka so su wuce.

Baba Alhaji yana da gida a Maradi, na ga hotonsa a wayarsa. Da kuɗin da ya riƙa aikawa wata-wata aka gina shi, kuma ya dage sai da aka yi masa zaure, duk da maginin ya so ya yi gareji a wurin. Ƙaninsa da iyalinsa ne a ciki. In aka tara dukan kwanakin da shi kansa ya yi a gidan ba za su cika shekara ba. In an taɓo maganar yakan ce gida biyu maganin gobara, ya sauya zance. A ma'aunin Turawan dauri, can yake da "ham", yana da "heall", akwai masu cin gurasarsa. A nan kuwa yake da "wunian": ya san wace mota ce ke zuwa masallaci, ya san shagon da ake samun garin gero, ƙafarsa ta san yawan matakalar bene ko a duhu.

Ranar Sallah ƙarama da ta wuce, bayan an sauko daga idi, mun taru a gidan wani ɗan'uwa, maza a falo, mata a ciki, ana ta ciye-ciye har la'asar. Jikanyarsa 'yar shekara 7, wadda aka haifa a garin nan, Hausarta tana gauraye da Turanci, ta gaji ta zo ta kama hannun rigarsa. "Kaka, mu tafi gida, barci nake ji."

Na zuba ido in ji ko zai tambaye ta wane gida. Ya shafa kanta, ya dafa kafaɗata ya miƙe. "To, amarya, ɗauko mini takalmina mu tafi."